Gabas ɗin Mutanen Gwanzo

Tun da muka dawo ba a bar ni na huta ba. Matan benenmu na nan unguwar International City a Dubai, waɗanda muke haɗuwa da su ranar Juma'a da la'asar, kowace da tambayarta: Hajiya, yaya Caina? Kin hau doguwar hasumiyar? Da gaske suna cin kwaɗo? Daga Kano ma saƙon murya sai shigowa yake a wayar Auta, har da na waɗanda ba su taɓa tambayar lafiyar gwiwata ba. Na gaji da maimaitawa, kuma duk sanda na maimaita sai na yi kuka a wuri guda. Shi ya sa na ce wa Auta ta zauna ta rubuta sau ɗaya, mai iya karatu ya karanta, wanda bai iya ba a karanta masa kamar yadda ake mini. Na kuma gargaɗe ta, inda na faɗi laifinta kada ta goge.

Ni ba kallon gari ne ya kai ni ba. Malam, mahaifin yaran nan, a birnin Gwanzo na ƙasar Caina ya rasu. Kayan gyaran keken ɗinki yake sarowa ya kawo Kano. Ya tafi kamar yadda ya saba, da 'yar jakarsa da hularsa, ciwon ƙirji ya kama shi a masauki, sai waya muka samu. Aka ce an yi masa sutura a can, a maƙabartar musulmi. Amma ranar sadakar uku ina zaune a ɗaki na ji wata mata a tsakar gida tana cewa ƙasa-ƙasa, "Ai 'yan Caina ba sa binne mutum. Ƙonewa suke, su zuba tokar a tulu." Wata ta kwaɓe ta. Maganar kuwa ta riga ta shiga kunnena ta zauna. Na gama takaba da ita, na yi shekaru da ita. An nuna mini hoton kabari a waya, amma kabari a hoto na kowa ne.

Da Auta ta ɗauko ni zuwa Dubai, inda take aikin jinya a wani asibiti, sai na tarar da katafariyar kasuwar 'yan Caina a gefen gidanmu. Kullum ina ganinsu ta taga suna sauke kwalaye. Wata rana na tambaye ta nisan garinsu daga nan. Ta ce, "Jirgi ɗaya ne, Umma." Daga baya ta ce ba ta taɓa yin subutar bakin da ta kai wannan ba, don daga ranar ban ƙara barinta ta sha ruwa cikin kwanciyar hankali ba. Ta kawo maganar gwiwa, na ce da ita zan je. Ta kawo maganar hutun aiki, na ce zan jira. Ta ce biza da wuya, na ce akwai mutanen kago masu aika kaya a unguwar Deira da suka san mahaifinta, ta je ta gaishe su. Ta je. Biza ta fito.

Kafin mu tashi kowa ya ba ni sallahun abin da zan gani. Maman Fauziyya, 'yar Zangon Kumasi da ke ɗakin ƙasa, ta ce in ban hau hasumiya ba kada in ce na je. Hajiya Mairo mai zuwa saro atamfa ta ce jirgin ruwa, da awaki biyar, da tsohon masallaci. Duk na ce musu to.

Tafiyar jirgi ba ni da abin faɗa a kanta sai kumburin ƙafa. A filin jirginsu ne aka fara. Akwai na'urar da ake ɗora yatsu ta karanta, ta ƙi karanta nawa. Na ɗora, ta yi ja. Na goge a mayafi na ɗora, ta yi ja. Auta ta ce wanki da daka ne suka cinye zanen. Layi ya taru a bayana, na ce shi ke nan, daga bakin ƙofa za a mai da ni. Sai wata yarinya mai kaki ta fito daga akwatinta, ta kama hannuna ta juya shi tana dubawa, ta ɗauko man shafawa daga aljihunta ta murza mini a yatsu, ta danna da nata hannun. Na'ura ta yi kore. Na ce Allah ya yi miki albarka, ta gyaɗa kai kamar ta ji.

Wajen kaya kuma kare ya zo ya zauna a gaban jakata. Auta ta dube ni.

"Umma, me kika sa?"

"Ba komai."

"Umma."

"'Yar daddawa ce, da kilishi kaɗan."

Suka karɓe kilishin, wai nama ba ya shiga. Daddawar kuwa mutumin ya kwance ƙullin, ya kai hanci, ya ja da baya ya kira ɗan'uwansa. Shi ma ya shinshina. Suka yi ta magana, Auta tana bayani da Turanci tana gumi. Daga ƙarshe dai aka haɗa ta da kilishin. Har yau ina tunanin ɗakin da aka ajiye ta.

Malam Isuhu ne ya tarye mu, mutumin Maraɗi, abokin Malam, ya daɗe a can har yana jin yarensu. Da na gan shi da furfura a gemu irin ta Malam sai hawaye. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya yi mini ta'aziyya sabuwa kamar jiya aka yi rasuwar. Shi ne ya sha faɗa mini a waya cewa da hannunsa ya sa Malam a ƙasa. Ban ce ƙarya yake ba. Amma ni ma na sha zama kusa da masu takaba, na san irin abin da ake faɗa musu don su samu barci.

A mota na ce, "Gobe da safe za ka kai ni."

Ya ce, da ɗan Faransancinsu na Maraɗi, "To, bon, Hajiya, wurin ba a shiga haka kawai. Sai an yi magana da mutanen masallaci, su sanar da mai gadi. Sai bayan Juma'a." Sannan ya ƙara da cewa, "Kuma dai kin san mu a gida, mata da maƙabarta..."

"Na tambayi malamai kafin in taso. An ce in ba ihu zan yi ba, in je. Ka yi maganar da masu masallacin."

Masaukinmu a unguwar da baƙaƙen fata suka fi yawa yake, hawa na can sama, ɗaki kamar akwati. Katifar tauri gare ta kamar gadon ƙasa, bayana ya ji daɗinta. Bayin kuma na tsuguno ne irin namu, na ce ashe dai mutanen kirki ne. Auta ta ɗora wayarta a ƙasa, kibiya ta juya ta tsaya, ta ce, "Nan ne gabas, Umma." Na shimfiɗa darduma na yi sallolin da ake bina. Duk kwanakin nan sama a rufe take, yayyafi ba ya tsayawa, ko sau ɗaya ban ga ƙwayar rana ba.

Kwanakin jiran nan ne Auta da Isuhu suka haɗa baki suka yi ta yawo da ni. Na gane nufinsu. So suke in gaji, ko in ga abin mamaki zuciyata ta yi sauƙi. Na bi su don zaman ɗaki ya fi wuya.

Hasumiyar tana nan yadda Maman Fauziyya ta faɗa, doguwa mai siririn ƙugu kamar an murɗe zane za a matse. Lifta ta ɗauke mu, kunnena ya toshe. A sama akwai wani wuri da aka yi daɓensa da gilashi, kana ganin motoci a ƙarƙashin ƙafarka kamar ƙwari. Samari suna tsoro suna rarrafe. Auta ta maƙale a bango ta ce ita a'uzubillahi. Ni na taka na tsaya, don abin da ke gabana ya fi wannan. Na ce wa Isuhu, "Ta wane gefe yake?" Ya gane. Ya nuna mini wasu duwatsu can nesa cikin hazon ruwa. Mutane suna zagayawa suna ɗaukar hoto, ni a nan na tsaya har aka ce mu sauka.

Awaki biyar ɗin na dutse ne, a kan tudu cikin wani lambu, babban yana riƙe da zangarniya a baki. Isuhu ya ce wai a zamanin da su suka kawo wa garin hatsi aka fita daga yunwa. Na ce a garinmu akuya ba ta kawo hatsi, in ta ga shanya sai dai a yi ta kora. Ya fassara wa wani tsoho da ke kusa, tsohon ya yi dariya har da tari. A lambun na ga tsofaffin mata sa'o'ina sun jeru suna rawa da mafici a hannu, rediyo tana kiɗa. Ɗaya ta zo ta kama hannuna wai in shiga. Isuhu ya ce mata mijina ne ya rasu. Ta nuna ƙirjinta, ta nuna wata, ta nuna wata: su ma duk haka. A wurinmu tsohuwa ta yi wannan a bainar jama'a sai a ce a nemo mata rubutu. Ban yi rawar ba, amma na daɗe a zaune ina kallonsu.

Abinci kuwa, wanda zai je ya nemi shagon musulmi, mai koren allo da masu fararen huluna. A gabanka mutum zai ja curin ƙullu, ya ninka ya ja, ya ninka ya ja, sai ga taliya ta fito ba inji. Suka kawo mini da tsinke biyu. Na gwada, taliya ta koma kwano, romo ya fallatsa a hijabina. Na wanke hannu na ci abina yadda uwata ta koya mini, wasu yara suna ɗaukata a waya. Sai aka ajiye mini kofi, na kurɓa, ruwan zafi ne zalla, ba ganye ba sukari. Isuhu ya ce haka suke sha, rani da damina. Nan na ajiye kofin. Shekarun Malam na ƙarshe, in ya ci tuwo sai ya ce in ɗora masa ruwa, ya sha shi da zafinsa. Ina yi masa tsiya, ina cewa tsufa ne ya zo. Bai taɓa ce mini a nan ya koyo ba. Na yi kuka a kan taliyar mutane, mai shagon ya rasa abin yi, ya ƙaro mini nama.

Jirgin ruwan mun shiga bayan magariba, gine-gine suna canza launi kamar kayan amare. Yana da kyau. Hajiya Mairo, na gani, kada ki ce ban gani ba. Tsohon masallacin ma mun je, da farar hasumiyarsa sumul kamar an miƙar da rumbu sama. Amma abin da zan ce kada musulmi ya bari ya wuce shi, Juma'a ce a masallacin da ke cikin lambu, inda ake cewa akwai kabarin wani sahabi. Rufinsa mai lanƙwasassun baki, da a hanya na gan shi ba zan ce masallaci ba ne. Ga Larabawa, ga namu, ga 'yan Caina da fararen huluna, mata a gefenmu da 'yan jikoki. Da liman ya ja Fatiha, ɗan Caina, da muryarsa siririya, jama'a suka amsa amin wuri ya ɗauka, sai na ji wani abu ya ɗan saki a ƙirjina. Na ce mutanen da suke wannan amin ɗin da wuya su ƙone mutum. Amma da wuya ba ita ce na gani ba.

Washegari da sassafe muka tafi. Ranar ce sama ta buɗe. Mota ta fita daga gari ta hau gefen dutse, daga nan sai matakala. Auta ta riƙe ni ta dama, Isuhu yana gaba yana cewa a huta, ina cewa a ci gaba. Wata tsohuwa mai farar hula, matar mai gadin, ta biyo mu da tsintsiya da butar ruwan zafi. Isuhu yana ce mata Ayi. Na ce ashe suna da A'i a nan, ya ce a'a, gwaggo ke nan a bakinsu. Ni dai A'i na ci gaba da ce mata, tana amsawa.

Kaburburansu ba irin namu ba ne da ake bari ƙasa ta shafe. Kowanne da dutsensa da rubutu, an share, an jera su a gangaren kamar sahu. Can gefe, wajen baƙi, Isuhu ya tsaya ya cire takalmi. Auta ta karanta sunan da ke kan dutsen, muryarta ta karye a tsakiya.

Na durƙusa. An kewaye shi da siminti, an bar ƙasa a tsakiya, ciyawa ta fito. Ban fara da addu'a ba, Allah ya yafe mini. Hannu na sa na auna shi kamu-kamu, daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Malam dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga ɗakina. Tsawonsa ne cif, har da 'yar rara. Tulun toka ba ya bukatar wannan wuri. Na dafa ƙasar na ce, "Malam, ni ce. Na zo." Na yi masa sallama, na karanta abin da na iya. Kukan da na yi a nan mai sanyi ne, ban yi ihu ba, na cika alkawari.

Da na share ido na ce, "Isuhu, ina kansa yake?"

Ya nuna wajen dutsen mai sunan Malam.

Na ɗaga kai. Rana ta fito sosai a kan gangaren. Na miƙe na fuskance ta, yadda kowace 'yar Hausa ta san yi tun tana yarinya: ga gabas a gabana, kudu a dama, arewa a hagu. Dutsen yana hagu. Na sake lissafawa. Ko yaron goye ya san yadda ake kwantar da mamaci, kai kudu, fuska gabas, a kan hannun dama. In kan Malam yana arewa, to fuskarsa yamma take kallo. Shekara da shekaru yana kwance ya ba wa gabas baya.

Na juyo. Na ce, "Isuhu, me kuka yi masa?"

"Hajiya?"

"Kun juya shi! Mutumin da bai taɓa barin jam'i ya wuce shi ba, kun kwantar da shi yana kallon faɗuwar rana!"

"Hajiya, ai nan alƙibla yamma take."

"Kada ka raina mini hankali, na girme ka. Gabas ita ce gabas."

Auta ta fito da waya tana nuna mini kibiya. Na ture hannunta na ce waya ce ta haife ki? Na zauna daɓas a gefen kabarin na ce ba inda za ni. A nemo masu haƙa, a nemo liman, a gyara masa kwanciya, ko kwana nawa za a yi ina nan. Da gaske nake. Isuhu ya kama kai yana salati, yana cewa wannan ba ya yiwuwa a ƙasar mutane. A'i ba ta san abin da ake ciki ba, ta dai ga tsohuwa a ƙasa. Ta zo ta tsuguna, ta zuba ruwan zafi a murfin buta ta sa mini a hannu, tana bubbuga bayana kamar mai lallashin jariri.

Auta ta mai da wayar jaka. Ta zauna a ƙasa ita ma, da fararen kayanta.

"Umma, shekarar da kuka je Makka da Baba. A cikin Harami, ina gabas take?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Ɗakin ake kallo."

"Waɗanda suke ɗaya gefen Ɗakin fa, da kike hango fuskokinsu?"

Na tuna su. Sahu ya zagaye, muna kallonsu suna kallonmu, Ɗaki a tsakiya. Na gani da idona, amma ban taɓa ɗauko wannan na ɗora a kan duniya ba.

Ta ce, "Mu a Kano muna wannan gefen. Su nan suna wancan. Dubi sauran, Umma."

Na duba. Gangaren gaba ɗaya, har da tsofaffin duwatsun da rubutunsu ya goge, duk kai arewa. Ba Malam kaɗai ba. Isuhu ya faɗa wa A'i abin da ya faru. Ba ta yi dariya ba. Ta miƙe ta ba wa rana baya, ta ɗaga hannuwa zuwa kunne, ta waiwayo ta dube ni ko na gane.

"Ko a Dubai ma," in ji Auta, "yamma kike kallo. Tun a jirgin da ya kawo ki daga Kano kika wuce Makka."

"Kika bar ni ina cewa gabas?"

"To me zan ce? Ni ma gabas nake cewa."

Na shanye ruwan zafin. Na nemi gafarar Isuhu, ya ce ba komai, da shi ne ma da ya fi haka. Sannan na koma ɗaya gefen kabarin, wajen da fuskar Malam take, na zauna inda zai gan ni da yana gani. A nan lissafin ya ƙarasa kansa. Duk shekarun da na yi a ɗakina a Kano ina kallon gabas ina kuka, ina cewa ban san inda yake ba, ashe yana kwance ya juyo yana kallon wajena. Ɗakin Allah ne kawai a tsakaninmu.

Da muka dawo Dubai, safiyar farko na yaye labulen falo, wanda kullum yake rufe saboda zafi, na jira rana. Ta bayan dardumata ta fito. Auta ta yi gaskiya. A nan ni da Malam gefe ɗaya muke, kuma ni ce a gaba, na ba shi baya.

Na faɗa mata zan koma gida in an gama allurar gwiwar nan. Ta ce Allah ɗaya ne ko'ina, na ce na sani, sallata tasa ce, duk inda aka ce in juya zan juya. Amma in na yi sallama na zauna jan carbi, ina so in san wa ke ɗaya gefen. Ta ce kalas, ya isa haka, ba za ta rubuta wannan ba. Ga shi tana rubutawa tana jan hanci.

Mutanen Kano, ku da kuke tambaya, abin da na gani ke nan. A buɗe ɗakina ya sha iska, a duba rufin wajen taga. Dardumar tana cikin adaka, a fito da ita a shimfiɗa inda take a da.